Sati shida ina rubuta yadda nake cin lokacina a ofis, amma tulin fayil bai ragu ba

Akawun Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Wata biyu da suka wuce oga ya kira ni ofishinsa ya wanke ni tas a kan wani fayil da ya kwana tara a teburina. Abin da ya fi ƙona mani rai, ni a ganina duk sashenmu ba wanda ya kai ni shan wahala, kullum a gajiye liƙis nake komawa gida. Da na huce sai na tsaya wani shago a Ƙofar Ƙaura na sayi littafin 'yan makaranta mai falle arba'in, na ce bari in ga inda yinin nawa yake tafiya. Duk bayan rabin awa in rubuta abin da na yi, ba ƙari ba ragi. In hira ce in rubuta hira.

Satin farko ni kaɗai kunya ta kama ni. Daga takwas zuwa huɗu awa takwas ne, amma da na tara abin da za a kira aiki, a rana bai wuce awa biyu da minti arba'in ba. Da can laifin duka a kan baƙi da ɗauke wuta nake ɗora shi. Suna ciki, amma ba su ne manyan ɓarayin ba. Babbansu waya. Sai neman takardar da ni da hannuna na ajiye. Wata Laraba minti hamsin na kwashe ina neman rasit guda, ashe yana aljihun jakata. Sai teburin mai shayi, inda nake cewa minti goma zan yi, ba na tasowa sai mun gama raba muƙaman siyasar jihar nan kaf.

Sati na biyu na kai awa uku. Na huɗu har awa huɗu da 'yan mintoci. Na biyar komai ya rushe, an yi rasuwa a unguwarmu, ga suna a gidan ƙanina, kwana uku ban buɗe littafin ba. Na shida na dawo uku da rabi.

Ga inda gizo ke saƙar: awanni sun ƙaru a littafi, amma tulin fayil ɗin da ke gefen teburina kamar ba a taɓa shi ba. To ci gaba nake yi, ko kuwa cika littafi kawai na koya? Ku da me kuke auna kanku?

Mai POS na Bakin Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan Ƙofar Sauri, amma fayil ya kwana tara! A sake maka unguwa kawai. Awa biyu da minti arba'in kuma a ba ka albashin wata cur? Allah ya ba mu aikin gwamnati mu ma mu huta.

Akawun Ƙofar Sauri:
Na san za a yi mani wannan. Ka sayi naka littafin ka gwada sati ɗaya, sannan ka zo mu yi magana.

Mai POS na Bakin Kasuwa:
Ni ba sai na sayi littafi ba, Yaya. Da yamma in na ƙirga caji na ga nawa ya shigo, na san ko na yi aiki ko zaman banza na yi. Ku ne ba ku da abin ƙirgawa.

Baba Ɗan Fansho:
Yaron nan mai POS da wasa ya yi maganar, amma ya taɓa inda ke ciwo. Ɗana akawu, bari in ba ka labari.

Ina cikin waɗanda aka maido gida daga Kaduna lokacin da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987. A sashen rajista na yi mafi yawan shekaruna. A ofishin da na fara, akwai littafin sa hannu a bakin ƙofa, lokaci na cika babban akawu zai zo da jan biro ya ja layi, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin nan ya makara. To mun ga mutanen da sunansu bai taɓa faɗowa ƙasan jan layi ba, kuma ba su taɓa tsinana wa kowa komai ba. Su zo da sassafe, su buɗe jarida, su naɗe ta ƙarfe huɗu. Wannan littafin naka ɗan'uwan wancan ne. Zama yake aunawa.

Abin da ba ya ƙarya a rajista shi ne kwanan fayil. Kowane fayil akwai ranar da ya shiga hannunka, akwai ranar da ya fita. Ka raba shafinka gida huɗu: lambar fayil, ranar shigowa, ranar fita, sai dalili in ya wuce kwana uku. Ranar Juma'a kafin ka tafi masallaci ka duba abu biyu kacal. Nawa suka shigo nawa suka fita, sannan wane ne ya fi kowa tsufa a teburinka, kwanansa nawa. In tsohon nan yana ƙara shekaru kana nan, ko awa bakwai littafinka ya nuna, ba inda ka je. Mu a da in muna son binne fayil sai mu rubuta masa KIV, wai a ajiye za a duba. Allah ya yafe muna, akwai waɗanda har muka yi ritaya ba a duba ba, kuma kowane ɗaya haƙƙin wani bawan Allah ne a ciki.

Akawun Ƙofar Sauri:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ko ranar da fayil ke shigowa ba na rubutawa. Masinja ya dire, in ce ya ɗora a can.

Baba Ɗan Fansho:
To "a can" ɗin nan shi ne kabarin.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Ina gaida manya. Ni shawarata a bar takarda, zamani ya wuce nan. Akwai tsarin da ake kira Pomodoro, wani ɗan Italiya Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibin jami'a. Agogon girki ya samu mai siffar tumatir, kalmar ma tumatir take nufi da harshensu. Ka saita minti 25 ka duƙufa a kan abu ɗaya tak, ba waya ba hira, in ya buga ka huta minti 5. In ka yi zagaye huɗu ka ɗauki dogon hutu. Da yamma ka ƙirga zagaye nawa ka yi. Jiya shida, yau takwas, ka ga ci gaba ke nan a fili. Akwai manhajoji kyauta da ke ƙirga maka har su zana maka yadda kake hawa da sauka.

Mai POS na Bakin Kasuwa:
Tumatir ɗin da ya gagare mu a miya shi za mu sa a ofis?

Malama ta Daura:
Ƙanena mai bautar ƙasa, sannu da ƙoƙari. Amma ka gaya mani, kana tsakiyar tumatir ɗinka na uku sai ga abokin mahaifinka ya taso tun daga Mashi ya yi sallama a bakin ƙofa, za ka ce masa "Baba dakata, saura minti goma sha ɗaya"? Ranar nan za a kai ƙararka gida kafin ka isa. Balle ku Katsinawa da kirarinku ma ya faɗa, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Kunyar nan ita ke cinye rabin yinin akawu, bai dai sa ta a lissafi ba ne.

Akawun Ƙofar Sauri:
Malama, na sa ta. Baƙi sun ci kamar minti arba'in a rana, waya ta fi haka nesa. Amma gaskiya ne ban taɓa iya sallamar kowa ba. Ko na ga mutum ya miƙe zai tafi sai in ji bakina ya ce "tun yanzu?"

Malama ta Daura:
Ka ji ko. Ni bari in faɗi nawa, ko da ba irin aikinku ba ne. Firamare nake koyarwa, aji biyar, yara sun haura saba'in. Lokacin aji ba nawa ba ne, ƙararrawa ke raba shi. Inda nake da iko shi ne gyaran littattafan yara da rubuta tsarin darasi, kuma shekara da shekaru a gida nake yin su, bayan isha'i, ga wanke-wanke ga mai kuka a baya, ga fitilar waya a haƙora in ba wuta. Wata rana ƙaramar ɗiyata ta ɓarar da kunun tsamiya a kan littattafan yara goma sha biyu, na zauna a tsakar gida ina shanya su ɗaya bayan ɗaya ina hawaye.

Tun daga ranar ma'aunina guda ɗaya ne: kwana nawa a sati na shigo gida da aikin makaranta a jaka. Akwai kalanda a bayan ƙofar ɗakina, ranar da na dawo hannu rabbana in yi mata da'ira. Zangon da na fara, da'ira ɗaya nake samu a sati, wani satin babu. Yanzu uku, in an yi sa'a huɗu. Ba wata dabara na yi ba illa na daina zama hirar tara a ɗakin malamai, ina ɗaukar littafi ashirin in koma aji in gyara. Sun ce na yi girman kai, na ce na ji.

Kuma ku maza da kuke ta lissafin takwas zuwa huɗu, ku sani wasunmu ƙarfe huɗu ɗin nan aiki na biyu muke shiga.

Telan Ƙofar Marusa:
Hajiya Malama, Allah ya saka da alheri, wannan magana taki ta kalanda ta shige ni. Ni ma ina da labari, kuma na san akwai wanda zai taso mani a zauren nan.

Ɗan Ƙofar Guga:
Ga ni nan kuwa. Shaddata sati uku ke nan. Kullum na je sai a ce saura guga.

Telan Ƙofar Marusa:
Alhaji, ka bari in gama, naka na tafe.

Mu teloli an riga an yi mana shaida a kan saɓa alkawari, kuma ba ƙarya aka yi mana ba. Amma ku yarda da ni, yawancinmu ba da niyyar yaudara muke cewa "ka dawo Alhamis" ba. Ba mu san tsawon aikinmu ba ne. Ni shekara goma sha huɗu ina kan keke, in ka tambaye ni kaftani da wando awa nawa suke ci zan ce maka biyu. Bara bayan ƙaramar Sallah, da wani mutum ya zage ni a gaban yarana saboda ɗansa ya je idi da tsohon kaya, sai na ɗauki agogo na auna. Daga shimfiɗa yadi, zana alli, yanka, haɗawa, aikin wuya, huda maɓalli, zuwa guga, awa uku da rabi ne in ba a ɗauke wuta ba. Ni da yarana biyu, abin da muke iya fitarwa mai kyau a rana bai wuce kaya huɗu ba. Na koma littafin awo na ƙirga abin da na karɓa a azumin nan: 150. Kwanakin da muka yi aiki 26. Huɗu sau 26, 104 ke nan. Wato mutum 46 na riga na yi musu ƙarya tun almakashi bai taɓa yadinsu ba, na kuma karɓi kafin alƙalaminsu.

Yanzu a gefen awon kowa ina rubuta rana biyu, ranar da na yi alkawari da ranar da na miƙa kaya. Ƙarshen wata in ƙirga alkawari nawa na cika a cikin goma. Da na fara huɗu ne. Watan jiya bakwai. Abin da ya fi wuya ba ɗinkin ba ne, a kawo maka shadda mai tsada da kuɗi a hannu ka ce ba ka da wuri sai bayan kwana goma sha biyu, kana kallo ya naɗe ya shiga shagon maƙwabcinka.

Ɗan Ƙofar Guga:
Wato ni ina cikin ukun da suka rage.

Telan Ƙofar Marusa:
Kana ciki, Alhaji. Ba zan ɓoye ba, an rubuta.

Bakatsine Mai Faɗar Gaskiya:
Duk na karanta. Tela na gane, in ya cika alkawari kwastoma ya ƙaru, kuɗi ya shigo. Malama na gane, ta samu barci. Amma akawu, kai me za ka samu? Ka gama fayil goma da wuri a ƙaro maka goma sha biyar na maƙwabcinka da ke barci. Ƙarin girma ba da wannan ake yi ba, kai ma ka sani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin Keke Napep kaɗai ya isa ya cinye maka kwata na albashi. Mutum yana lissafin yadda zai kai ƙarshen wata, ku ce ya zauna yana lissafin mintoci. Jakin da ya fi sauri shi ake ƙara wa kaya.

Mai POS na Bakin Kasuwa:
Wannan kuma gaskiya ne.

Ustazun Unguwa:
Assalamu alaikum. Malam Bakatsine, zaluncin da ake yi wa ma'aikaci gaskiya ne, kuma wanda ya yi shi zai amsa. Amma awa takwas ɗin nan an saye su daga hannunka, amana ce. Wanda fayil ɗinsa ya kwana tara bai san oga ba, bai san albashinka ba, kai ya sani. Abin da akawu yake yi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shi ne malamai ke kira muhasaba, mutum ya yi wa kansa hisabi tun kafin a yi masa, kamar yadda ake ruwaitowa daga Sayyidina Umar. Kuma a Buhari akwai hadisin Ibn Abbas cewa ni'ima biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a kansu, lafiya da samun sarari. Sannan Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa al'ummarsa ta albarka a cikin sammakonta. Sahabin da ya ruwaito ta, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne, da farkon yini yake tura hajarsa, kuma ya yi arziki.

Sai dai akawu, ina da gyara ɗaya. Kar ka rubuta jana'izar maƙwabci a layin ɓata lokaci. Satinka na biyar bai rushe ba, wani haƙƙin ka sauke. Ka buɗe masa nasa layin daban.

Bakatsine Mai Faɗar Gaskiya:
Ustaz, to sallar azahar da ake fita ƙarfe ɗaya da rabi a dawo uku saura fa? Wane layi za a sa ta?

Ustazun Unguwa:
Alwala da salla da nafila ba su wuce minti ashirin. Sauran na mai tsire ne, kar a jingina wa Allah.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku yi haƙuri in ɗan saɓa. Duk wannan magana ta masu teburi ce. Ni in na shiga aikin dare ban san ko mutum uku za a kawo ko talatin ba. Ba ni da fayil mai jira, mara lafiya ba ya jira. Na taɓa gwada rubuta abu uku da zan yi a duti, ko ɗaya ban taɓa ba saboda an kawo masu haɗarin mota, na dawo gida ina jin kamar na gaza alhali ban zauna ba tun takwas na dare. Sai na yaga takardar. Ina tsoron irin wannan lissafi ya sa mutum ya riƙa zargin kansa a kan abin da ba shi ya jawo ba. Inda ma'aikaci ɗaya ke riƙe aikin mutum uku, ba littafin da zai gyara.

Malama ta Daura:
Anti, ba ko abu ɗaya da yake hannunki?

Ma'aikaciyar Jinya:
Sai dai rubuta bayanan marasa lafiya. In na bar shi sai asuba, nakan ƙara awa guda bayan tashi kafin in miƙa duti. In na riƙa yi nan take, ina fita a kan lokaci. Amma ban ƙirga ba, kuma gaskiya ba na jin zan ƙirga. Ya ishe ni.

Lakcara Mai Hular Zanna:
Na makara, amma bari in sa baki a wuri uku.

Akawu, tambayarka tana da tsohuwar amsa. A 1955 wani Bature ɗan Ingila, Northcote Parkinson, masanin tarihin sojan ruwa, ya yi rubutu a mujallar The Economist yana cewa aiki yakan kumbura ya cike duk lokacin da aka ba shi. Misalin da ya kawo na ma'aikatar sojan ruwan ƙasarsu ne: tsakanin 1914 da 1928 manyan jiragen yaƙi sun ragu daga 62 zuwa 20, amma jami'an ofis sun ƙaru daga 2,000 zuwa sama da 3,500. Da zolaya ya rubuta, amma duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san abin. Zargina shi ne awa ɗaya da rabi ɗin da ka ƙwato daga waya, ka zuba ta ne a kan ayyuka masu daɗin yi. Ka sake buga wasiƙa sau biyu, ka gyara jadawali ya yi kyau. Waɗanda ke cikin tulin kuwa akwai dalilin da ya sa hannunka ba ya kai musu.

Sannan littafin da mutum ke cike wa kansa yana da son kai. Sati na farko ka rubuta gaskiya don ba ka san abin da zai fito ba. Daga sati na uku ka san lambar da kake so ka gani, sai "duba saƙon oga a WhatsApp" ya koma aiki ko da ka zarce kallon bidiyo. Ka shiga saitin wayarka, yawancin wayoyin Android suna da wurin da ke nuna awa nawa ka yi a kowace manhaja a rana, iPhone ma haka. Wannan ba ya jin kunyarka. Ka kwafi lambar duk Juma'a ka ajiye kusa da ta Baba.

Na ƙarshe, kar ka gwada satin ƙarshen wata, lokacin da kuke fama da takardun albashi, da satin tsakiyar wata. Kar ka gwada watan Afrilu, da zafin Katsina ke haura digiri 40 kowa na neman inuwa bayan azahar, da watan Disamba. Azumi ma daban. Ka gwada wata da wata, kuma sati ɗaya mara kyau ba labari ba ne.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Yallaɓai, ai shi ya sa na ce manhaja.

Lakcara Mai Hular Zanna:
Manhajar tana cikin wayar da ita ce ɓarauniyar. Ka ɗauko ta don ka danna agogo, sai ka ga saƙo goma sha bakwai. Ba a ba kura ajiyar nama. Tumatir ɗinka yana da amfani ga mai karatu ko mai rubutu a ɗaki shi kaɗai, ni ma da shi nake gyaran takardun jarrabawa. Amma da agogon bango.

Bakatsine Mai Faɗar Gaskiya:
Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa. Ya gama da wuri, sai me?

Baba Ɗan Fansho:
Sai ranar da oga ya sake kiransa, ya shiga da littafi a hannu ya ce ranka ya daɗe, fayil ɗin nan kwana biyu ya yi wurina, sha ɗaya ya yi a sama. Ni wannan littafin ya taɓa cetona daga takardar tuhuma. Ƙarin girma kuwa ban yi maka alkawari ba.

Bakatsine Mai Faɗar Gaskiya:
Wannan dai na karɓa, Baba. Sauran ina nan a kan bakana.

Shugaban Zaure:
Jama'a a ci gaba, amma wanda ya turo tallan maganin basir a tsakiyar muhawara na goge. A kiyaye.

Akawun Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. Na ɓace sati biyu, na je na gwada na Baba ne. Ga abin da ya fito.

Fayil 31 suka shigo, 27 suka fita. Mafi yawansu kwana ɗaya ko biyu suka yi. Amma da na zazzage tsohon tulin na jera su a kan tabarmar salla ina duba ranakun da ke jikin takardun, sai na samu guda bakwai da suka haura wata guda, ɗaya ma kwanansa 52. Yallaɓai lakcara, kamar kana ofishinmu. Biyar daga cikin bakwai ɗin abu ɗaya ya haɗa su: kowanne sai na hau sama na samu wani babba a wani sashe ya sa hannu, mutumin da ba ya amsa gaisuwa sai ya gama kallonka daga hula zuwa takalmi. Ashe wata biyu ina kewaye matakalar nan. Ina ta cika littafi da awa huɗu don kar in hau bene.

Ranar Talata da ƙarfe takwas da kwata, kafin in ga mai shayi, na kwashi biyar ɗin na hau. Ya bar ni a tsaye kamar minti goma. Ya sa hannu a uku, ya ce biyu akwai takardar da ta ɓace. Duka abin bai kai rabin awa ba. Mai kwana 52 na wata baiwar Allah ne da ke bin haƙƙin mijinta da ya rasu, ta zo sau uku ina ce mata ana kan aiki.

Yanzu mafi tsufa a teburina ya haura wata guda, yana jiran takardar da ta ɓace. Waya kuma ta ce awa uku da minti goma nake yi a rana tsakanin takwas da huɗu, alhali littafina cewa yake awa ɗaya da rabi. Wannan ban gyara ba tukuna. Na gwada sa ta a durowa, sai oga ya kira sau biyu ban ji ba.

Baba Ɗan Fansho:
Madalla. Ka kira matar nan ka gaya mata ya fita, kar ka bari ta sake biyan kuɗin mota don ta ji.

Akawun Ƙofar Sauri:
Na kira ta tun ranar, Baba.

Malama ta Daura:
Ka ƙara wa lambar oga ƙara ta daban, sauran ka rufe musu baki. Haka na yi wa hedimasta da maigidana. Ni kuma satin nan da'ira biyu kawai na samu, jarrabawa ta matso.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ban ƙirga ba kamar yadda na ce. Amma jiya na fita a kan lokaci, har na samu kai yara makaranta da kaina.

Telan Ƙofar Marusa:
Alhaji na Ƙofar Guga, kana kusa? Shaddarka na rataye a leda tun jiya da la'asar. Har gugar an yi. Ka taho da cikon dubu huɗuna.

Ɗan Ƙofar Guga:
Bikin da na ɗinka don shi an yi tun Asabar ɗin da ta wuce. Cikon naka ka dawo Alhamis.